Fuji, Ricoh ko Sony: wace ƙaramar kyamara zan saya?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar manya nake nema. Na jima ina tara kuɗi don in sayi ƙaramar kyamara ta gaske, irin waɗanda gilashinsu a haɗe yake da jiki, ba a cirewa. Ba sana'a zan yi da ita ba. Hoton yarana nake so, da na tafiye-tafiye, da duk abin da na gani a hanya ya burge ni. Guda uku ne suka tsaya mini a rai: Fujifilm X100VI, Ricoh GR IIIx da Sony RX100 VII. Duk bidiyon da na kalla sai mai shi ya ce tasa ce gaba, har kaina ya ɗaure. Sau ɗaya zan yi wannan sayayya, ba ni da halin in saya in ga ba ta yi ba in sake wata. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ya taimaka mini.

Ɗan Adawa:
Wa alaikumus salam. Kafin a fara yi maka talla, wace waya ce a hannunka? In dai babbar waya ce ta shekarun nan, riƙe kuɗinka. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, sun nuna a 2010 an fitar da kyamarori masu gilashi a haɗe sama da miliyan 100, amma a 2023 ko miliyan 2 ba su kai ba. Mutane ba mahaukata ba ne. Waya ta yi musu aikin, suka watsar.

Injiniya:
Alƙaluman gaskiya ne, sai dai ka duba waɗanne ne suka mutu. Masu arha ne, waɗanda sansar cikinsu ba ta fi ta waya girma ba. Irin waɗanda yake tambaya a kai su ne suka tsira, har wasu sai an shiga layi kafin a samu.

Ga wanda bai saba ba, sansa ita ce farantin da ke karɓar haske a bayan gilashi ta mayar da shi hoto. Ta RX100, wadda ake kira mai inci ɗaya, milimita 13.2 ce da 8.8. Ta Fuji da ta Ricoh, wato APS-C, kusan 23.5 ce da 15.6. In ka yi lissafin fili, ta biyun ta ninka ta farkon sau uku da ɗoriya. Ta Leica Q3 kuwa 36 ce da 24, ta ninka APS-C sau biyu da 'yan kai. Yawancin wayoyi ba su kai ko inci ɗayan ba, in ka cire 'yan ƙalilan irin Xiaomi 12S Ultra ta 2022 da waɗanda suka biyo ta.

Abin da waya take yi shi ne ta ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, ta haɗe su, ta goge, ta ba ka ɗaya. In abin a tsaye yake, dabarar tana ci. In yaro ne yana tsalle a ɗaki da daddare, nan asirinta yake tonuwa: fuska ta yi sumul kamar an shafa fenti, hannu ya zama inuwa.

Ɗan Adawa:
Kuma a ina za a kalli hoton? A wayar dai. Wa zai gane bambanci a sikirin mai tsawon tafin hannu?

Tsohon Mai Hoto:
Ku dakata, kun bar yaro a tsaye kuna ta musunku.

Ɗana, guda ukun nan da ka jera ba jinsi ɗaya ba ne. Tsada ce kawai ta haɗa su a shafi ɗaya. Biyu ba sa jawo abu kusa ko kaɗan, ɗaya kuma jawowar ce duk cinikinta. Ɗaya tana shiga aljihun wando, ɗaya sai dai a rataya a wuya. Saboda haka "wacce ta fi" ba tambaya ba ce da wani zai amsa maka. Tambayoyi biyu ne, kuma kai kaɗai ke da amsarsu.

Ta farko, daga wace tazara kake ɗaukar hoto? Buɗe wayarka ka bi hotunan da ka fi so, ba duka ba, waɗanda in wayar ta ɓata za su fi ƙona maka rai. Duba bayanin kowanne. Da babbar kyamarar wayar ka ɗauka, ko ka danna 2x, ko 3x, ko 5x? A ɗaki ne ko a fili? Da rana ko da dare? Babbar kyamarar waya tana kama faɗin da masu hoto ke kira 24 zuwa 26mm, 2x kuma wajen 50mm. Ƙaramar lamba faɗi ke nan, babba kuma jawo abu kusa. Fuji a 35 take, GR IIIx a 40, 'yar'uwarta GR III a 28. Sony daga 24 har 200.

Ta biyu, ka faɗa wa kanka gaskiya: za ka yarda ka rataya abu a wuya duk fitar da za ka yi? Na ga mutane da dama sun sayi kyamara mai kyau, bayan ɗokin farko ta koma durowa, don fita da ita ya zama aiki.

Je ka duba ka dawo. Kafin nan bari masu kaya su yi tallarsu.

'Yar Fuji:
Baba ya ce a yi talla, to bari in fara 😄

X100V ce a hannuna, yayar wadda kake so. Abin da ya sa nake ɗaukarta in bar waya ba kaifin hoto ba ne, daɗin ɗauka ne. Saurin shota, wato marfin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, yana kan maballi a sama, ƙofar haske tana kan zoben gilashi, ISO, wato ma'aunin yadda ake ƙara wa hoto haske, shi ma a sama yake. Tun kafin ka kunna ta ka san yadda take a saite. Sannan maleƙarta iri biyu ce a rami ɗaya: ka leƙa ta gilashi zalla ka ga duniya da idonka, har ka ga wanda ke shirin shigowa cikin hoton kafin ya shigo, ko ka taɓa ɗan maɓalli a gaba ta koma ta lantarki, ta nuna maka yadda hoton zai fito. A cikin ƙananan kyamarori ba wadda ke da wannan sai zuriyar X100, tun ta farko da ta fito a 2011.

Sai launi. Fujifilm kamfanin fim ne tun asali, sun zuba launukan finafinansu a ciki: Provia, Velvia, Astia, Acros na baƙi da fari, sannan suka ƙara da Classic Chrome wanda na fi zama a kai. Ni ba na zaman gyaran hoto a kwamfuta. Yadda ya fito haka nake turawa.

Amma kada in rufe ka. Ba ta shiga aljihun wando, sai dai na babbar riga ko jaka. VI ɗin giram 521 ce. Kuma kada ka ji an ce tana jure yayyafi ka ɗauka haka take daga kwali: sai ka sayi zoben AR-X100 da filta ka ɗaura a gaban gilashin, wanda hakan yana ƙara mata kauri.

Mai Aljihu:
Anti ta gama yi mini aiki da bakinta. "Ba ta shiga aljihu." To me ake nema a ƙaramar kyamara in ba shiga aljihu ba?

GR IIIx giram 262, rabin Fuji cif. Sansa kuma girmansu ɗaya. Hannu ɗaya ake riƙe ta, duk maɓallan suna inda babban yatsa da manuni za su kai. Ka ciro, ka danna, kafin daƙiƙa ɗaya ta cika ta shirya. Ba wanda zai kula da kai, don kama take da tsohuwar kyamarar banza. Fuji kuwa da ka ɗaga ta kowa ya gyara tsayuwa, yara su fara yi maka murmushin dole, hoton ya tashi daga aiki.

Kuma akwai abin da Ricoh ke da shi, wato ka ƙayyade mata tazarar fokas tun kafin ka fita, a ce mita 1.5 ko 2.5 ko 5. In ka danne maɓallin gaba ɗaya lokaci guda, ba ta tsayawa neman komai, can take kamawa. Ga mai hoton hanya ba abin da ya kai wannan.

'Yar Fuji:
Sai ka gaya masa ba ta da maleƙa. Ka tsaya tsakar rana kana murtuke ido a kan sikirin da ba ya ko lanƙwasawa. Ba ta da filash. Batirinta a gwajin CIPA hoto 200 ne. Ka faɗi wannan ma mana, ƙanena.

Mai Aljihu:
Batirin ƙarami ne, biyu ma ba sa cika aljihu, kuma ana cajinta da USB-C. Maleƙa kuwa, mutumin da ya shekara goma yana hoto da waya, yaushe ya taɓa leƙawa? Filash na yarda, GR II tana da shi, suka cire a III don su rage jiki su sa abin hana rawar hannu.

Injiniya:
Mai Aljihu, dabarar ƙayyade tazara da kake yabo ta fi ci a GR III mai 28mm, ba IIIx da yake tambaya ba. 28mm ɗin ma'aunin faɗin da take kamawa ne, ainihin gilashin III milimita 18.3 ne. In ka tsuke ƙofa zuwa f/8 (lambar f ita ce ma'aunin ƙofar haske, in ta ƙaru ƙofar ta tsuke) ka ajiye fokas a mita 2.5, daga wajen mita ɗaya da ɗan abu har iyakar gani duk zai fito tas. Na IIIx 26.1 ne. Saiti iri ɗaya zai ba ka daga wajen mita ɗaya da rabi zuwa shida kawai. Yana aiki, amma akwai kuskurewa. Kuma f/8 da rana ake yinta, ba a ɗaki ba.

Wani abu da ya shafi duk kyamarar da gilashinta ke fita yana komawa, Ricoh ce, Sony ce, Canon ce: duk fita da shiga iska yake ja, iska kuma da ƙura take tafe. In ƙura ta sauka kan sansa ba ka da hanyar gogewa, tunda gilashin ba ya cirewa, sai an kwance kyamarar. GR III tana da abin da ke girgiza sansar ya kakkaɓe, yana ragewa, amma maganin gaskiya shi ne 'yar jaka. Wato aljihun da ake fahariya da shi, in aljihu ne mai zare-zare da ɓurɓushi, shi ne abokin gabarta.

Matafiyi:
Ina karantawa ina dariya. Mutum ya ce yara da tafiya, ana ta haɗa shi da kyamarar da ba ta jawowa. Ɗan'uwa, ranar da ɗanka zai hau dandamali a makaranta kana kujerar baya, me 35mm za ta yi maka? Za ka dawo gida da hoton ƙeyar mutane. Ranar da ka ga tsuntsu, ko rubutu a saman gini, ko jirgin ruwa can nesa fa?

RX100 VII giram 302 ce, tana shiga aljihu, tana da maleƙa da ke fitowa in ka ja, tana da filash, tana da ramin makirfo, daga 24 har 200mm. Ga fokas. Tun 2019 aka yi ta amma har yau a cikin ukun nan ba mai bin ido da fuska kamarta. Ta kama yaro sai ta bi shi duk inda ya yi, hoto 20 a daƙiƙa. Kuma nesa ita ce ainihin inda waya take kasawa. Fuji da Ricoh suna yin abin da waya ke yi ne, sun dai fi ta kyau. Sony tana yin abin da yawancin wayoyi ba sa iyawa.

Sabon Shiga:
Kai, wannan magana ta shige ni. Ga shi har na fara karkata wajen Fuji.

Injiniya:
Kada ka yi saurin juyawa, ka ji kuɗin da ake biya kafin a sami wannan zumin. Da haske ake biya. Ƙofar RX100 VII f/2.8 ce a 24mm, da ka fara jawowa kaɗan ta tsuke zuwa f/4, a ƙarshe f/4.5. Fuji f/2 take. Duk lokacin da lambar ta ninka biyu, hasken da ke shiga ya ragu sau huɗu. Haɗa wannan da sansar da ta fi ƙanƙanta sau uku, za ka ga a faɗi iri ɗaya Fuji tana tara haske kusan ninki goma na Sony. GR IIIx mai f/2.8 tana tara wajen ninki shida.

Da rana a fili ba za ka damu ba. A ɗaki bayan faɗuwar rana ne za ka gani. Yaro mai motsi yana son shota ta kai 1/250 ko kusa da haka. Don a sami wannan sauri a ƙaramin haske dole ISO ya hau, hoto ya yi yashi-yashi. Kuma kada wani ya ce maka ai akwai abin hana rawa. Rawar hannunka yake hanawa, ba ya tsayar da yaro. Wannan ya shafi VI ɗin Fuji ma, da ake ta yabon an sa mata shi.

In Sony kake so kuma ɗaki ne filin aikinka, RX100 VA ta fi dacewa: 24 zuwa 70mm ne kawai, amma f/1.8 zuwa 2.8. Ko Canon G7 X Mark III, 24 zuwa 100mm da irin wannan ƙofar, sai dai ita ba maleƙa, kuma fokas ɗinta bai kama ƙafar na Sony ba. Akwai kuma Panasonic LX100 II ta 2018, sansarta ta fi inci ɗaya girma, 24 zuwa 75mm, f/1.7 zuwa 2.8. Jininsu ɗaya da Leica D-Lux 7, D-Lux 8 ta 2024 ma a kan wannan ginin take.

Matafiyi:
Hoto mai yashi wanda fokas ya kama ido ya fi hoto mai tsabta wanda fokas ya kama bango. Anti, tsakaninki da Allah, yaro ya taho da gudu Fuji tana kama shi?

'Yar Fuji:
In yana gilmawa ta gefe, tana kamawa. In ya nufo ni kai tsaye da gudu, ba irin aikin da aka gina ta don shi ba ne, nan Sony ta fi. Amma hotunan yara da na fi so ba na gudu ba ne. Na lokacin da suka nutsu ne suna zane, ko sun yi barci a kujera, ko suna leƙen taga. Waɗannan haske suke so, ba sauri ba.

Alhaji Mai Jan Tambari:
Ku daina wahalar da yaro. Leica Q3. Megafiksel 60, cikakkiyar sansa, 28mm f/1.7. Ka yanke zuwa 35 ka sami 39, ka yanke zuwa 50 ka sami 19. An gama.

Mai Aljihu:
Ranka ya daɗe, mutum ya ce tarawa ya yi 😂 Kuɗin Q3 ɗaya zai sayi duka ukun da ya lissafa. Kuma giram 743, wannan ai ta fita daga sahun ƙanana.

Alhaji Mai Jan Tambari:
Sai ya ƙara tarawa.

Tsohon Mai Hoto:
Alhaji a yi mana afuwa, mu talakawa muna magana.

Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma a wajena shi ne babban dalilin da zai sa mai hoto ya riƙe irin waɗannan ko da yana da babbar kyamara. Shotarsu a cikin gilashi take, 'yan ganyayyaki ne da ke buɗewa daga tsakiya su rufe. Ta manyan kyamarori labule biyu ne da ke gilmawa a gaban sansa. Amfanin na farko biyu ne. Ba ta da ƙara, ɗan "tik" ne da ko na kusa da kai ba zai ji ba, sai ka ɗauki jariri yana barci ko ka yi hoto a wurin da ake son shiru. Na biyu, filash. Mai labule in ka wuce 1/200 ko 1/250, labule na biyu ya fara rufewa kafin na farko ya gama buɗewa, filash ba zai haska duka hoton ba. Mai ganye kuwa tana tafiya da filash har 1/1000 da sama.

Me wannan zai yi maka? Tsakar rana, rana tana bayan yaro, fuskarsa ta yi duhu, sama ta yi fari fat. Da X100 sai ka ɗaga saurin shota sama ta dawo da launinta, ka kunna ɗan filash ɗin jikinta ya cike fuskar. Ƙaramin filash ne, amma da yake shotar tana da sauri ya isa. Ga kuma filtar rage haske a cikinta, mai mayar da haske kashi ɗaya cikin 16, don ka iya buɗe f/2 da rana bayan mutum ya dusashe. GR tana da irin filtar amma mai rauni, kashi ɗaya cikin huɗu, kuma filash sai ka sayi na ɗorawa. RX100 VII tana da filash, ba ta da filtar. A nan Fuji ce ta haɗa duka, kuma masu bidiyon talla ba su cika faɗa ba, don launi ya fi saurin sayuwa.

A kula da GR masu HDF a ƙarshen suna, waɗanda suka fito a 2024. An cire musu filtar rage hasken an sa mai tausasa wuraren da ke ƙyalli. Wasu suna so, amma ka san abin da kake saya.

Sabon Shiga:
Baba Allah ya ƙara girma, wannan ban taɓa ji ba. To tsakanin V da VI fa? Na ga VI megafiksel 40, V kuma 26.

Injiniya:
Gilashinsu ɗaya. 26 ta ishe ka buga hoton bango. Amfanin 40 shi ne yanka: ka yanke zuwa faɗin 50mm ka tsira da 20, zuwa 70mm ka tsira da 10. Ga kyamarar da ba ta jawowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai abin hana rawar hannu, wanda V ba ta da shi, da gane fuska, dabba da mota da aka inganta. Abin da za ka biya: manyan fayil, da giram 43 na ƙarin nauyi.

Ɗan Adawa:
Ku faɗa masa kuma yayi ne ya hura ta. A ƙarshen 2022 'yan TikTok suka ɗauko X100V, ta ɓace a kasuwa, ta hannu ta fi sabuwa tsada. VI ta fito a Fabrairun 2024, aka mayar da ƙirarta Chaina don a yi da yawa, duk da haka layi bai ƙare ba. G7 X ma haka yayi ya hura ta. Rabin masu sayen nan ado suke saya.

'Yar Fuji:
Zuriyar kyamarar tana nan tun 2011, 'yan TikTok ne suka makara. Amma a abu ɗaya ina bayanka: kada ya biya 'yan sari sama da farashin kamfani. In ba a samu ba ya jira, ko ya duba X100F ta 2017, ko ma ya sayi ƙaramar Fuji mai canza gilashi irin X-E ya ɗaura mata siririn 27mm. Launin ɗaya ne, sansar kuma yana iya gogewa da kansa. Maleƙar gilashi da shotar da Baba ya faɗa ne kawai zai rasa.

Mai Aljihu:
Tunda ana lissafin sababbi, GR IV ta fito a 2025, 28mm, an gyara fokas da abin hana rawa, ma'ajiyar cikinta ta tashi daga gigabait 2 zuwa 53. Sai dai katinta microSD ne yanzu.

Tsohon Mai Hoto:
In ta hannu za ka saya, kowacce ce, ga abin da za ka yi kafin ka miƙa kuɗi. Tsuke ƙofa zuwa f/16, ko iyakar inda ta tsaya, ka ɗauki farar takarda ko sararin sama, ka buɗe hoton ka bi shi lungu-lungu. Ɗigon baƙi da ke wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sansa. Haska tocila cikin gilashin ka duba ko akwai abu kamar saƙar gizo, fumfuna ke nan, ka bar musu kayansu. Kunna ka kashe sau da yawa ka saurari fitar gilashin, in yana sarƙewa ko yana ƙara, wuce. Juya kowane maballi ka ga lambar tana bin hannunka ba ta tsallake. A Sony ka ja maleƙar da filash ka ga suna fita suna komawa lafiya. A irin waɗannan kyamarori gilashi da sansa da shota a dunƙule suke, in ɗaya ya lalace kuɗin gyara yakan kusa kuɗin wata.

Sabon Shiga:
Na dawo, Baba. Na bi hotunan kamar yadda ka ce. Mafi yawan waɗanda nake so a cikin gida ne, da yamma ko da dare, kuma ko dai babbar kyamarar ce ko 2x. Na nesa kaɗan ne, kuma ko da na duba su ba su ne nake komawa ina kallo ba. Na lura kuma ina yawan yanke gefen hoto bayan na ɗauka, kamar faɗin wayar ya yi mini yawa. Batun ratayawa kuwa, gaskiya ni ko agogo damuna yake.

Tsohon Mai Hoto:
To ka amsa da kanka. Hoton ɗaki da dare ya fitar da RX100 VII. Yawan yanke gefe ya fitar da 28mm, wato GR III da IV. Saura 35 da 40. Mutumin da agogo ke damunsa kuwa, rabin kilo a wuya ba zai daɗe ba. Ni GR IIIx zan ce maka.

'Yar Fuji:
Baba, a ɗaki da dare fa ya ce. f/2 ta ninka f/2.8 haske sau biyu, kuma fokas ɗin GR a duhu sai ya yi ta kai da komo. A gida ai ba rataya zai yi ba, a kan tebur za ta zauna ya miƙa hannu ya ɗauka. Ni a nan ban bi ka ba.

Matafiyi:
Ni dai na faɗa, ranar taron makaranta za a neme ni.

Injiniya:
Anti tana da hujja a kan haske, Baba yana da hujja a kan nauyi, kuma lissafi ba zai raba wannan ba. Nemi inda za ka riƙe su biyun a hannu, ko wajen mai sayarwa ko wajen wanda ke da su. Je da katinka, SD na yau da kullum yana shiga duka biyun. Nemi lungu mafi duhu a wurin, sa shota a 1/250, buɗe ƙofa iyakarta, ka sa wani ya yi ta motsi a gabanka kana ɗauka. Sannan ka saka kowacce a aljihun kayan da ka saba sawa ka zauna da ita a kujera. Hotunan kuma kada ka duba su a sikirin ɗin kyamara, bari sai ka koma gida ka buɗe a kwamfuta.

Sabon Shiga:
Haka zan yi in sha Allah. Akwai wani abokin aikina mai X100V, zan roƙe shi aron ta ƙarshen mako, GR ɗin ce sai na nema. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya, ISO ɗin in bar shi ya zaɓa da kansa ko in ƙayyade?

Injiniya:
Bar shi ya zaɓa da kansa, amma ka sa masa iyaka a 6400 a duka biyun, kuma ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, haɗe da JPEG, wanda ta gyara, don ka ga abin da kowacce ta goge.